Injin iska a kan rufi: batir baya cika, ga gurnani da dare

Salam 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar lantarki ku taimaka min. Na sayi ƙaramin injin iska mai samar da lantarki, mai farfela uku, a kwalinsa an rubuta wat 400, bolt 12, na kafa shi da bututun ƙarfe a kan rufin gida, bai fi mita 2 sama da kwano ba. Wata biyu kenan wallahi batir bai taɓa cika ba, farfelar tana juyawa amma kan injin sai waige-waige yake hagu da dama kamar ya rasa inda iskar take, kwantirola (na'urar da ke daidaita cajin batir) ta nuna ɗan caji sai ta koma sifili. Da dare kuma gurnani yake bin katakon rufi har cikin ɗaki, uwargida ta ce ko ni ko shi.

Wani ya ce min gini da bishiyoyin maƙwabta ne ke hargitsa iskar, wai sai ya ɗara su da kamar mita 9. To in na ƙara tsawon bututun, rufin zai iya ɗauka kuwa, ko dai in sauke shi in kafa masa turke daban a ƙasa? Kuma robar da ake sawa a gindi tana rage girgizar da gaske?