Mustang ɗin Kawu ta 1967: in maido ta yadda take ko in juye mata inji?

Ɗan_Marusa:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana mota ina neman shawara.

Akwai wata Ford Mustang ƙirar 1967 a garejin gidan kawuna nan GRA Katsina, Allah ya jiƙanshi, shi ya taho da ita daga Amurka da ya gama karatu wajen tsakiyar shekarun 1970, ni dai tun da na yi wayau a kulle na santa an lulluɓe ta da tamfol, har buhunan gero ake jibge mata in an kawo daga gona. To yanzu 'ya'yanshi za su rushe garejin su fidda shaguna, sun ce in ina so in ɗauka tunda ni ne mahaukacin mota a dangi, in ba haka ba 'yan gwangwan za su kira.

Na je na yaye tamfol ɗin. Bodi garau yake sai 'yar tsatsa a ƙasan ƙofar direba, fenti kore ne amma ya koɗe, kushin duk ya tsattsage, ɓeraye sun yi gida cikin bonet sun gwagwiye wayoyi, tayoyi huɗun sun zauna ƙasa. Inji silinda takwas ne, giya otomatik. Ban gwada tada ta ba.

Abokaina sun rabu biyu, wasu sun ce in gyara komai ya koma yadda kamfani ya yi ta ko noti ɗaya kar in canza, wasu kuma sun ce ɓata kuɗi ne, in fidda tsohon injin in sa na zamani da esi da manyan rim in more abata. Ku mi kuka gani? Sannan cikin motocin nan na Amurka masu ƙwanji na wancan zamanin wacce ta fi burge ku, ni dai tun ina yaro Dodge Charger nake mafarki amma ga abin da Allah ya kawo.

OgaRewaya_KofarKaura:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kawu. Kafin a kai ga maganar a juye ko kar a juye, dan girman Allah kar ka sa mata batir ka murɗa makulli, kar kuma ka bari wani yaron gareji ya ce bari a tura ta a gani, otomatik ce ma. Injin da ya kwashe shekaru a zaune ringi ya manne da silinda, kana buga kik sai ya karye ya kankare maka bangon silindar, abin da za a gyara da kuɗin cefane ya koma na saniya. A fidda fulogi takwas ɗin, a ɗiɗɗiga man giya a kowane rami, a bar shi ya jiƙa kamar sati, sannan a sa sufana a notin fuli na ƙasa a juya da hannu a hankali. In ya zagaya to ka yi hamdala. Man da ke tanki kuma ya riga ya zama ƙaro, a sauke tankin a wanke ko a canza, kuma ka lura Mustang na waɗannan shekarun saman tankin shi ne daɓen but ɗin, in ya huje warin fetur har cikin mota.

Abu na biyu wanda ke kashe motocin Amurka a hannun mutanenmu, sufana. Notocinta na inci ne ba na milimita ba. Rabin inci 12.7 ne, yaro zai ɗauko sufana 13 ya ga kamar ta shiga, ya danna da ƙarfi kan notin ya gundule ya koma kamar ƙwallo, daga nan sai guduma da cizil. Ka sayi setin sufana na inci naka na kanka ka riƙa tafiya da shi duk garejin da za ka, ana samu a Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna in ka duba da kyau.

Sai ka duba mana lambar shasi, tana jikin wani ɗan faranti a gefen ƙofar direba, an kuma buga ta a ƙarfen cikin bonet ɓangaren direba. Harafi na biyar shi ke faɗin injin da ta fito da shi daga kamfani. T silinda shida ne, C da A duka 289 ne wato lita 4.7, K shi ma 289 ne amma na musamman mai ƙarfin doki 271 kuma kaɗan aka yi, S kuma babban 390 ne. In ka ga K ko S to wallahi ko fenti kar ka canza mata kala.

Ra'ayina ni, a bar mata injinta. 289 inji ne mara hayaniya, ba burenbos ba sensa, kafireta ce da distirbita, duk bakaniken da ya ƙware a Fijo 504 zai gane kanshi. Amma birki dole a taɓa, yawancinsu da birkin kwano suka fito gaba da baya, a zamanin da babu 'yan acaɓa da kurkura suna faɗo maka daga lungu. Ka sa mata birkin faifai a gaba, lagireto na alminiyam mai kauri saboda zafin garin nan, a cire kwantak a sa na lantarki cikin distirbita wanda ko an buɗe bonet ba a gani. Duk abin da aka cire a zuba a buhu a rubuta a aje, kar a sayar.

YaronDaura_V8:

Oga Rewaya da girmanka amma ni ban yarda ba. Mota ta hawa ce ba ta kallo ba. Ka ce mutum ya shiga mota ba esi a watan Afrilu a Katsina ana zafin da ya haura digiri 40 kujera leda, kafin ya kai Kofar Kwaya ya dahu. Kuma fa duk abin da ya lalace a 289 ɗin nan sai an yi oda daga waje da dala, famfon ruwa kawai zai aje ka wata guda kana jiran kaya.

Ni da tawa ce injin Lexus LS400 zan sa, 1UZ, shi ma silinda takwas ne lita 4, ƙarfin doki wajen 250, ana samun na Beljiyam da giyabos ɗinshi da kwamfaresan esi duk a haɗe, ba ya ciwo, safiya ɗaya kik ɗaya. A yi mata baƙin fenti mai sheƙi, rim 17, salansa biyu. Ranar hawan Sallah ka kamo hanyar Mashi ka shigo mana Daura da ita ka ga yadda za a bar kallon dawaki. Turawan ma da suka ƙera ta ai juye su suke yi kullum, mu ne za mu fi su son abinsu?

Wadda na fi so kuma Camaro ce ta 1969, ba a yi mota mai kyawun ƙugu irinta ba.

Baban_Hanifa:

Yaron Daura Allah ya shirye ka. Injin Japan a cikin Mustang, to mi ya rage na Mustang ɗin, tambarin doki? Ai rabin daɗin motar nan ƙararta ce, wannan gurnanin da take yi a tsaye kana jin shi a ƙirjinka, Lexus kuwa an yi shi ne musamman dan kar a ji shi.

Mu mun ga ƙarshen zamanin motocin nan da idonmu. Abin da ya sa irin su Kawunka suka iya sayensu suna ɗalibai shi ne rikicin man fetur na 1973, da Larabawa suka hana Amurka mai, ga inshora ta yi tsada a kan motoci masu gudu ga dokokin hayaƙi sun matsa, sai mutanen can suka riƙa rabuwa da masu silinda takwas a arha suna komawa ƙananan motoci. Mu kuma a nan lokacin ne kuɗin mai ya shigo, aka yi Udoji wato ƙarin albashin ma'aikata, naira ta fi dala daraja. Ga shi tun Afrilun 1972 mun koma tuƙi ta hannun dama, motar Amurka sitiyarinta daidai da titinmu. Amma duk da haka ba su yi yawa ba, da aka fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975 kowa can ya koma. Shi ya sa nake cewa wadda ta rage a garin nan ba ta Ɗan Marusa ba ce shi kaɗai, ta tarihi ce.

Kuma in ana maganar masu ƙwanji na gaske Mustang ƙanwa ce. Uwarsu Pontiac GTO ce ta 1964, da su injiniya John DeLorean suka ɗauko injin babbar mota 389, lita 6.4, suka cusa a matsakaiciyar mota, kamfani na zaton 5,000 za a sayar sai ga shi an haura 32,000 a shekarar farko. Daga nan kowa ya shigo. Chevelle SS 454 ta 1970 ƙarfin doki 450, Charger mai injin Hemi 426 ƙarfin doki 425. Ni kamar kai Charger ta 1968 ce tawa, mai fitilun nan da ke ɓuya a bayan raga sai an kunna su buɗe. Pontiac ma yanzu babu kamfanin, tun 2010 aka rufe.

Batun kuɗi kuma, a can abin da ake saye da tsada shi ne motar da injinta na asali ke ciki lambobi sun yi daidai da na shasi. Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen sama an yi gwanjonta dala miliyan 3.5 a 2014, dan injinta na asali ne ke ciki kuma 'yan ƙalilan aka ƙera. Ranar da ka sa mata wuta ka yanke ƙarfe, to ka yanke ke nan.

Maman_Ilham:

Ni ban san inji ba amma yaya Ɗan Marusa abu biyu. Motar nan gado ce, ka tabbata duk magada sun yarda har matan da ke gidajen aure da iyayensu mata, a rubuta a sa hannu da shaidu, dan yau tana ƙarƙashin buhun gero ba mai so, gobe in ta fito tana ƙyalli wani zai tuna ta babanshi ce. Ka kuma nemi takardunta na shigowa a cikin akwatunan Kawu tunda garinmu kusa da boda yake ana tambaya a hanya. Na biyu wa zai riƙa zuba mata mai tun da aka cire tallafi a 2023? Ka dai tambayi uwargida tukunna.

Baban_Hanifa:

Hajiya wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubda ruwa. Ba motar kai yara makaranta ba ce, ta yammacin Juma'a ce. Amma maganar magada kin yi gaskiya.

Ɗan_Marusa:

Na gode ƙwarai jama'a. Hajiya maganarki ta shiga, gobe zan samu babban yayanmu a kan rubutun. Oga na koma na goge farantin da tsumma, lambar ta fara da 7F01C sai sauran lambobi. Na kuma ɗaga kafet ɗin gefen fasinja na ga ƙarfen wajen ya yi ja yana ɓarɓashi, amma bai huje ba.

OgaRewaya_KofarKaura:

To madalla. 7 shekarar 1967 ce, F a masana'antar Dearborn aka haɗa ta, 01 mai rufin ƙarfe ce ta gama-gari ba mai zubabben baya ba, C kuma 289 ne mai ƙaramar kafireta, ƙarfin doki 200. Baba ka yi haƙuri ranka ya daɗe, wannan ba irin ta miliyoyin dala ba ce, a shekarar kaɗai Ford ta ƙera Mustang sama da 470,000 kuma mafi yawansu irin wannan bodin ne. Saboda haka birki da lagireto da ma esi in ya samu hali ba zunubi ba ne, akwai na zamani da ake yi musamman dan ita yana shiga ƙarƙashin dashbod ba sai an fasa komai ba. Alherin da ke cikin yawan nata kuma shi ne har yau ana ƙera kayanta sabbi, daga robar gilas har ƙarfen daɓe har wayarin gaba ɗaya, kuma wayarin sabo zan ce ka saya, kar ka bari a yi ta ɗaure abin da ɓera ya ci da salatif, haka motoci ke kamawa da wuta.

Yaron Daura kai kuma 1UZ inji ne na kirki ban musa ba, amma kanshi faɗi gare shi, ga tudun shokzoba biyu sun matse cikin bonet ɗin Mustang, sai an yi ta yanka da walda, a ƙera kujerar inji, a rage forafela, a jawo burenbos da famfon mai na cikin tanki, kuma motar ba ta da shasi daban, bodin ne ke riƙe da kanshi, duk inda ka yanka ka rage mata ƙarfi. In ma 289 ɗin ya ƙi juyawa ko an buɗe an ga bulok ya tsage, akwai ɗan gidansu, 302 wato lita 5 da ke cikin Ford Explorer mai silinda takwas daga 1996 zuwa 2001, jini ɗaya ne, da 'yan canje-canje kaɗan yake zama a wajen, a ɗora mashi kafireta, ƙarar ma iri ɗaya. Shi kuma tsohon a shafe shi da mai a naɗe a aje a ɗaki.

Jan ƙarfen nan na ƙarƙashin kafet shi ya fi damuna. A waɗannan motocin ruwa na shiga ta ragar nan da ke tsakanin bonet da gilashin gaba, ganye da ƙasa su toshe magudanar, wajen ya ruɓe daga ciki ya riƙa ɗiga a ƙafar fasinja, kuma gyaranshi sai fanbita na gaske dan a rufe yake da walda. Ka cire kafet ɗin duka, ka sa yaro ya zuba ruwa da buta a ragar kai kuma ka kwanta ciki da tocila kana kallon ƙarƙashin dashbod. In ka ga ɗiga ka ɗauko hoto ka turo nan kafin ka kashe ko sisi a fenti.