Neman sunan kakana da ya rasu a yaƙin Bama

Jikan Soja: Salam 'yan uwa, don Allah kakana ya tafi yaƙin Bama (wato ƙasar Burma, Myanmar ta yanzu, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu) bai dawo ba, lambar sojansa kawai muke da ita a wata tsohuwar takarda, ta ina zan fara?

Malam: Allah ya jiƙansa. Shiga shafin intanet na Commonwealth War Graves Commission, hukumar da ke kula da kaburbura da sunayen sojojin ƙasashen renon Ingila da suka mutu a yaƙin duniya, ka sa lambar kawai, kar ka dogara da suna don turawa sun sha rubuta sunan garin mutum a matsayin sunan mahaifi, wani lokacin ma rubutun ya karkace.

Hajiya: Ɗana, rundunonin Afirka ta Yamma na 81 da 82 ne suka je can. Waɗanda ba a ga gawarsu ba sunayensu na bangon maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Kuma ka zauna da tsofaffin gidanku yanzu ka naɗi muryarsu a waya.

Jikan Soja: Na gode Mama, gobe zan je wajen goggo insha Allah.