Yaya ake lissafin raguwar darajar injin casar shinkafa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta manoma ta sayi injin casar shinkafa a kan naira miliyan 12, muna sa ran zai yi mana aiki shekara 5, sannan mu sayar da shi a kan kusan miliyan 2. Ni aka ɗora wa riƙe littafin kuɗi, kuma ina neman shawarar masana kan hanyar da ta dace in bi wajen rubuta raguwar darajarsa kowace shekara.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Hanya mafi sauƙi ita ce ta raba daidai: ka cire miliyan 2 daga miliyan 12, ka kasa miliyan 10 ɗin da suka rage gida 5, wato miliyan 2 ke nan duk shekara. Akwai kuma wadda ake cire wani kaso tsayayye daga abin da ya saura a littafi. Idan ka ɗauki kashi 30 cikin ɗari, shekarar farko za ka cire miliyan 3.6, ta biyu miliyan 2.52, haka adadin zai yi ta sauka har ragowar ta tsaya kusa da miliyan 2 a shekara ta biyar. Wannan ta fi dacewa da mota ko kwamfuta.

Amsa ta biyu:
Lissafin ɗan'uwa daidai ne, amma ni ban ga dacewar ko ɗaya daga cikinsu ga injin casa ba, domin aiki ne ke cinye shi, kuma shekarar da damina ta yi albarka ba ɗaya take da shekarar fari ba. Ƙa'idar IAS 16, wato ƙa'idar lissafin kuɗi ta ƙasa da ƙasa kan kadarori irin su injuna da gine-gine, ta ce hanyar da aka zaɓa ta bi yadda ake cin moriyar kadarar. Saboda haka, Malam, ka ƙiyasta buhunan da zai cashe a tsawon rayuwarsa. Idan 50,000 ne, ka raba miliyan 10 ɗin nan a kansu, kowane buhu ya ɗauki naira 200, sai ka ninka da buhunan da aka cashe a shekarar. Sharaɗin shi ne mai kula da injin ya riƙa rubuta kowane buhu, in ba haka ba gara ka tsaya ga raba daidai.

Amsa ta uku:
Ka fahimtar da 'yan ƙungiya cewa wannan rubutu ne a littafi, ba kuɗi ne da aka ajiye a banki ba. Yadda farashin injuna ke tashi, miliyan 12 da wuya su sayo irinsa bayan shekara 5, don haka ku buɗe asusun sauya injin daban tun yanzu.