Muhawara: Shin Tsoro Ne Kaɗai Ke Haɗa Kan Ikilisiyoyinmu?

Malamin Sakandare, Kaduna:
Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa cikin Almasihu. Maganar da zan ajiye a gabanku mai ɗaci ce, amma gara a faɗe ta a fili: ikilisiyoyin ɗariku daban-daban a garuruwanmu ba sa haɗa kai sai ranar da aka taɓa su, kuma da zarar ƙura ta lafa, kowa yakan koma inda ya fito. Idan aka ƙone majami'a ko aka sace fasto, za ku ga Fada da Rabaran da Bishop sun jeru a teburi ɗaya suna karanta wa 'yan jarida takardar bayan taro, amma bayan wata biyu waɗannan shugabannin ne za su hau bagade su gargaɗi mambobinsu kada su je taron farkaswa na maƙwabta. Ita kanta CAN, Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, haka aka haife ta. A shekarar 1976 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ce ta kira shugabannin ikilisiyoyi zuwa Barikin Dodan a Legas, bayan an tashi ne suka ga ashe ba su da bakin da zai yi magana a madadinsu duka, sai suka kafa ƙungiya. Kafin nan ma, ƙungiyar Kiristocin Arewa ta 1964 damuwa da yanayin siyasar wancan lokaci ce ta tara ta. Ban ga inda ƙauna ta shigo cikin wannan tarihi ba.

Dattijon Ikilisiya, Bukuru:
Ɗana Malam, ka fara ƙirga tarihin daga tsakiya. Tun kafin a yi mafarkin CAN, a shekarar 1955, ikilisiyoyin da suka fito daga aikin mishan na SUM (Sudan United Mission) da na mishan ɗin Ikilisiyar 'Yan'uwa suka taru a Randa suka kafa tarayyar da a yau muke kira TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Najeriya, kuma ba wanda ya kore su da bindiga zuwa wurin. A cikinsu akwai Lutheran na Numan masu yi wa jarirai baftisma, akwai 'Yan'uwa na Garkida masu nitsar da babba sau uku cikin ruwa suna kuma wanke wa juna ƙafa, akwai mutanen Wukari da Takum masu bin koyarwar Kalbin, daga baya na ƙasar Tiv masu bin koyarwa iri ɗaya suka shigo. Duk da wannan bambanci suka yarda su buɗe makarantar tauhidi guda ɗaya, wato TCNN, wadda ta fara karatu a 1959, tana nan Bukuru har gobe. Ka yi tunanin abin da hakan ke nufi: ikilisiya ta ɗauki ɗanta da za ta naɗa fasto, ta danƙa shi a hannun malamin da bai yarda da ita a kan baftisma ba, ta ce ya koya masa Littafi. Wanda tsoro kawai ya tara ba ya ba da ɗansa.

Ka kuma duba abin da ke hannunka ranar Lahadi. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 aikin haɗin gwiwa ne tsakanin Dokta Miller na Angilikan da ma'aikatan mishan na SIM da SUM da malaman Hausa da suka zauna da su, kuma littafin waƙoƙin da muke rerawa, lamba ɗaya ce za a kira a ikilisiyoyin ECWA da COCIN da EYN ta 'Yan'uwa, jama'a su ɗauka ba tare da sun duba takarda ba. Aikin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya fara a farkon shekarun 1960, ya bi ƙauyuka da matasan ɗariku dabam-dabam a ƙungiya ɗaya, da ganga ɗaya.

Malamin Sakandare, Kaduna:
Baba Dattijo, na karɓi tarihin da hannu biyu, amma ina roƙo a ƙarasa shi. ECWA, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1954, ba ta shiga TEKAN ba, ta gina nata makarantun tauhidi a Igbaja da Kagoro da Jos. NKST kuma, ikilisiyar mutanen Tiv, duk da tana cikin tarayyar, ta buɗe tata kwalejin a Mkar a 1971 domin tana son fastocinta su sha koyarwar ɗarikarta zalla. A Kudu, Angilikan da Methodist da Presbyterian sun shirya narkewa su zama ikilisiya ɗaya a watan Disamba na 1965, har an sa rana, sai wasu majami'un Methodist na Legas suka garzaya kotu, magana ta mutu. Abin da ya fi damuna shi ne na garinmu. An kafa haɗaɗɗiyar ikilisiyar HEKAN a Kaduna domin 'ya'yan ikilisiyoyin TEKAN da aiki ya kawo birni su yi sujada wuri ɗaya, amma daga baya kusan kowace ɗarika ta biyo 'ya'yanta ta kafa reshenta, sau da yawa a unguwa ɗaya, wani lokaci a layi ɗaya.

Ma'aikaciyar Jinya, Jos:
Ina so in ƙara abu ɗaya a gefen Baba Dattijo. Tun 1973 asibitocin mishan na Katolika da na sauran ɗariku suke ƙarƙashin inuwar CHAN, ƙungiyar kiwon lafiya ta Kiristoci, daga baya kuma suka fara sayen magani tare domin ya zo da sauƙi kuma a kauce wa jabu. Na yi aiki a ƙaramin asibitin ikilisiya a karkara, kuma kwalin maganin da ke iso mana hanyarsa ɗaya da wanda ke zuwa wurin Sistocin Katolika. Wannan haɗin kai ba ya fitowa a jarida saboda ba a kiran taron manema labarai a kan ruwan allura.

Mama, Zumuntar Mata, Mubi:
'Ya'yana, ni abin da idona ya gani zan faɗa. A ƙarshen watan Oktoba na 2014, lokacin da Boko Haram suka shiga Mubi suka kuma kama hedikwatar EYN a Kwarhi, mun fita da abin da ke jikinmu. Da muka isa Yola, harabar babban cocin Katolika na Santa Teresa ce ta karɓi dubban mutane, a ƙarƙashin Bishop Stephen Dami Mamza, kuma mai rabon masara bai tambayi kowa katin baftisma ba. Matan Katolika ne suka ara mana tukwane, su ne suka nuna mana inda za a sami itace, kuma da dare a tabarma ɗaya muke addu'a, su da carbinsu, mu da waƙoƙinmu. Malam zai ce ai wannan shi ne haɗin kan tsoro da yake faɗa. To, ban ƙi ba, wahala ce ta kai mu ƙofarsu. Amma wahala ba ta tilasta wa mai gida ya buɗe ƙofa, kuma zumuncin da aka ƙulla a lokacin bai mutu da komawarmu gida ba, domin har yau idan aka yi rasuwa a gidan ɗayarmu, za ku ga zanen zumunta kala huɗu ko biyar a zaune a gidan makoki, kowace ƙungiya ta kawo nata kwanon abinci, ta yi tata waƙar. Mu mata mun daɗe da gama wannan muhawarar. Shugabanni maza ne suke ta ja.

Malamin Sakandare, Kaduna:
Mama, Allah ya ƙara miki lafiya, ba mai jayayya da abin da kika gani. Tambayata ɗaya ce: ranar Lahadi a wannan harabar, da aka zo Jibin Ubangiji, an ba ku?

Katikis, Kafanchan:
Malam, bari in amsa, tunda tambayar tamu ce. Ba a ba su ba, kuma ba rowa ba ce. A koyarwar Katolika, karɓar Jibi shaida ce cewa mutum yana cikin cikakkiyar tarayya da Ikilisiya a bangaskiya da shugabanci, saboda haka miƙa shi ga wanda bai yarda da abin da muka gaskata game da gurasar da ƙoƙon ba zai zama mun sa shi ya faɗi abin da zuciyarsa ba ta faɗa ba. Wanda ya ba ka ɗakinsa da hatsinsa amma ya ce ba zai yi maka ƙarya a gaban bagade ba, bai ƙi ka ba. Ina kuma so a lura da inda mu muka buɗe ƙofa wasu suka rufe. Tun bayan Majalisar Vatican ta Biyu, wadda ta fitar da matsayinta kan haɗin kan Kirista a 1964, muna kiran sauran Kirista 'yan'uwa, kuma duk wanda aka yi wa baftisma da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ba ma sake yi masa. Amma 'yar Katolika ta je auren saurayi a wata ikilisiya, sai a ce baftismar da aka yi mata tana jaririya ba komai ba ce, sai ta shiga aji, an kai ta rafi, kafin a sa ranar aure. Na ga uwar amarya tana kuka a kan wannan, domin a wurinta an ce mata ne ta yi shekara ashirin da biyar tana renon arniya. A bakin wa ya kamata a ji ayar Afisawa 4:5, Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya?

Fasto, Ikilisiyar Fentikos, Jos:
Malam Katikis, da girmamawa, ma'aunin da ka auna kanka da shi ka auna mu da shi. Idan lamiri ne ya hana ku ba da Jibi, lamiri ne ya sa Baftis da ECWA da mu muke cewa baftisma ta mai ba da gaskiya ce da bakinsa. Kuma idan ɗanmu ya zo auren 'yarku, sai an nemi izinin Bishop, ita kuma ta yi alkawarin yin iyakar ƙoƙarinta 'ya'yan su tashi Katolika. Kowa yana da shingensa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake kiranmu ɓarayin tumaki a duk zaman da aka yi irin wannan. Matashin da ya bar ikilisiyar iyayensa ya zo wurinmu ba ɗaure shi muka yi ba. Sau da yawa ya gaji ne da majami'ar da ta zama taron 'yan garinsu, inda ake zaɓen dattawa bisa ga dangi.

Dattijon Ikilisiya, Bukuru:
Fasto ya taɓa inda ciwon yake, ko da yake ya tsallake rabin da ya shafe shi. Turawan mishan sun raba ƙasa a tsakaninsu domin kada su yi karo: wannan ya ɗauki Numan, wancan Garkida, wani Langtang da Panyam, wani Kagoro da Kwoi. Niyyar haɗin kai ce, amma sakamakonta shi ne ɗarika ta bi ƙabila, har ya zama idan mutum ya faɗi cocinsa ka kusa sanin garinsu. Da aka zo birni, yawancin abin da muke kira bambancin koyarwa kewar gida ce da harshen uwa, da kuma maganar da ba a son faɗa, wato ina baiko da zakka za su tafi a ƙarshen wata. Hedikwata ba ta son 'ya'yanta masu albashi a Kaduna da Abuja su zuba kuɗinsu a asusun wata ɗarika. Wannan ne ya ci HEKAN da Malam ya ambata, ba tauhidi ba. Amma Fasto, idan mai wa'azinku ya kafa lasifika a ƙofar tsohuwar majami'a yana cewa waɗanda ke ciki matattu ne marasa Ruhu, kada ka yi mamaki idan fastonsu ya ƙi zama kusa da kai a taron CAN na ƙaramar hukuma.

Katikis, Kafanchan:
Game da CAN, Malam yana da gaskiya a wani ɓangare. Rukuni biyar ne a cikinta: Katolika, Majalisar Kiristoci ta CCN, Fentikos, ikilisiyoyin da 'yan Afirka suka kafa, da TEKAN tare da ECWA, kuma yawancin ƙarfinta yana ƙarewa ne a kan wane rukuni zai karɓi kujera. A farkon 2013 aka sanar cewa bishop-bishop ɗinmu sun dakatar da halartar harkokinta a matakin ƙasa, a zamanin shugabancin Fasto Ayo Oritsejafor, saboda suna ganin ƙungiyar ta matsa kusa da gwamnati fiye da kima. Sai dai a wannan lokacin ma ba a daina zama tare a jihohi da ƙananan hukumomi ba. Saboda haka ina ganin kuskure ne a auna zumuncin majami'u biyu da ke fuskantar juna a Kafanchan da abin da ke faruwa a ofishin Abuja.

Malamin Sakandare, Kaduna:
To, bari in rage maganata zuwa abin da za a iya gwadawa. Kowace shekara daga 18 zuwa 25 ga Janairu akwai makon addu'a domin haɗin kan Kirista, ba rikici, ba zaɓe, ba rabon kujerun zuwa Urushalima. Majami'u nawa ne a unguwanninku suke musayar masu wa'azi a wannan mako? Makarantun firamare nawa ne ɗariku biyu suka haɗa kuɗi suka gina, maimakon kowace ta buɗe tata mai aji uku da malamai marasa albashi? Abin da Baba Dattijo da 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya suka lissafa duk kakanninmu ne suka kafa, mafi ƙuruciya a ciki ya haura shekara hamsin. Ina neman abu ɗaya da tsararmu ta gina tare cikin kwanciyar hankali.

Mama, Zumuntar Mata, Mubi:
Ɗana, makaranta ban sani ba, amma a unguwarmu matan EYN da Lutheran da Katolika da Deeper Life suna da adashi ɗaya da asusun gwauraye ɗaya, kuma ma'ajiyarmu 'yar Katolika ce domin ita ta fi mu iya lissafi. Ba mu nemi izinin kowane fasto ba, domin mun san da mun nema da har yanzu ana kafa kwamiti. Fasto na Jos, tunda kana nan, ina so ka amsa tambayar Malam a kan makon Janairu: idan Fada ya gayyace ka ka yi wa'azi a taron addu'ar, za ka je, kuma za ka ba shi bagadenka a mako na gaba?

Fasto, Ikilisiyar Fentikos, Jos:
Mama, zuwa zan je. Ba shi bagade kuwa ba ni kaɗai ke yanke wannan ba, sai na kai maganar gaban babban mai kula da ikilisiyarmu, kuma ba zan yi miki alkawarin amsar da zai bayar ba.