Yankari da yara: a hutun Disamba ko a jira bazara?

Maman Hanifa (Samaru): Assalamu alaikum 'yan zaure. Maigida ya ce in an yi hutun makaranta zai kai mu gandun namun daji na Yankari daga nan Zariya, mu da yara uku, autar shekararta 5. Ba mu taɓa zuwa ba. Don Allah wanda ya san wurin ya taimaka mana: wace hanya, kwana nawa, me za mu riƙe?

Malam Garba (Tudun Wada): Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ta Pambeguwa nake bi, Saminaka, Jos, Toro, sai Bauchi. Ku fita da an idar da sallar asuba. Daga Bauchi ku ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ku karya dama har Mainamaji, nan ƙofar gandun take. Abin da baƙo ba ya sani shi ne, shiga ƙofa ba isowa ba ce. Daga nan zuwa masaukin Wikki akwai sama da kilomita 40 cikin daji. Ku cika tanki tun daga Bauchi, kuma kada magariba ta same ku a hanya.

Injiniya Bello (Hanwa): Akwai ta Kano, Birnin Kudu, Ningi. Ta fi zagaye amma wasu sun fi son ta. Ana gobe tafiya maigidan ya leƙa tasha ya tambayi direbobin Bauchi halin da kowace hanya take ciki.

Anti Rabi (Gyallesu): Maman Hanifa, in don ganin namun daji za ku, ni shawarata ku jira Fabrairu ko Maris. Zuwana na farko ciyawa ba ta gama bushewa ba, muka yi ta yawo sai gwanki biyu da birai. Na biyu a Maris na je. Ruwa ya ƙafe ko'ina, dabbobi duk sun gangaro kogin Gaji. Giwaye suka tsallaka gabanmu, direba ya kashe mota, jagora ya ɗora yatsa a baki. Wata uwa ta tsaya tana kaɗa kunnuwa har sai da ɗanta ya shige ƙarƙashin cikinta, sannan ta wuce. Ƙarar karyewar rassa kaɗai ake ji. Jikata ta riƙe mayafina gam, har yau labarin take bayarwa.

Maman Hanifa: Ikon Allah! Amma Anti, zafin Maris da ƙaramar yarinya? Ga makaranta.

Anti Rabi: Zafi kam akwai shi, ba zan ɓoye miki ba. To ku je ƙarshen Disamba, amma kada a yi wa yara alkawarin giwa ko zaki. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, ba keji ba. Ɓauna, gwambaza, gadu, kada, waɗannan in Allah ya yarda za ku gani.

Malam Garba: Kuma ku kwana biyu aƙalla. Masu zuwa da azahar su yi wanka su juya su ne ke dawowa suna cewa babu komai a Yankari. Zagayen sassafe shi ne zagaye, kafin rana ta kori dabbobi cikin inuwa. Ku yi magana da masu motar zagaye tun daren da kuka sauka.

Hauwa (Kongo): Maman Hanifa, batun maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki fa. Ruwan daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, garai-garai har yashin ƙasa ake gani. Da sanyin hunturu tururi ke tashi a kansa. Mu mata da asuba muka sauka kafin maza su cika wurin, da dogon wando da riga mai kauri da ƙaramin hijabi. Wajen bakin dutsen akwai zurfi, a tsare yara a inda bai kai ƙugu ba.

Injiniya Bello: A kula da gwaggon biri. Ba sa tsoron mutum ko kaɗan. Kan idona wani ya fizge ledar burodi daga hannun ɗana ya haye rufin ɗaki, yaron ya kwana yana firgita. Ku kulle ƙofa da taga ko fita ta minti ɗaya ce, kada yaro ya riƙe abinci a waje, kada kuma a ba su.

Dakta Sa'adatu (Shika): Akwai ƙudan tsando a wajen kogi, cizonsa da zafi. Baƙin kaya da shuɗi ke janyo shi, ku sa masu haske, dogon hannu. Ku riƙe gidan sauro, ORS, tocila da tsabar kuɗi, kada ku dogara da sabis ɗin waya.

Baba Malam (Ƙofar Doka): 'Ya'yana, ku yi haƙuri in sa baki. Kowa giwa yake faɗa. Kafin a keɓe dajin nan a 1956, a buɗe shi ga jama'a a 1962, mutane ne suka rayu a cikinsa. Ku roƙi jagora ya kai ku kogunan Marshall, ɗakuna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey 139 masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa. Akwai kuma kufan maƙera inda aka narka tama. Na durƙusa na shiga ɗaya daga kogunan, na shafa zanen da ke bango, na daɗe ban iya magana ba. Ɗan Zazzau da ya taso yana kallon ganuwa da Kufena, ya kamata ya ga wannan.

Hauwa: Gaskiya ne Baba. A dawowa kuma ku tsaya kabarin Abubakar Tafawa Balewa a cikin Bauchi, akwai kayansa da aka adana. Sannan masar Bauchi, da zafinta.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri, duk na tura wa maigida. Ya ce Disamba, kwana uku. Anti Rabi, motar zagayen ana shiga da 'yar shekara 5?

Anti Rabi: Jikata ba ta kai haka ba muka shiga. Ki zaunar da ita tsakiya, ki sa mata rigar sanyi, safiyar dajin da hunturu sai an yi shiri.