Muhawara: Shin Kotun Ƙolin Amurka ta naɗa wa shugaban ƙasa rawani?

Auta: Salamu alaikum. Malaminmu na kimiyyar siyasa ya ce tun ranar 1 ga Yuli 2024 Amurka sarki take da shi ba shugaban ƙasa ba, wai Kotun Ƙoli ce ta naɗa shi. Ni dai na ga kamar zuzutawa ce. Anti, Yaya Barista, me kuka gani?

Anti: Wa alaikumus salam, Auta. Malaminku ba daga kansa ya ƙago ba. Alƙaliya Sonia Sotomayor ce ta rubuta haka a cikin ra'ayinta na ƙin amincewa, cewa duk inda shugaba ya yi amfani da ikon ofis yanzu ya zama sarkin da ya fi ƙarfin doka. Shari'ar kuwa ta Trump ce, kan yunƙurin juya sakamakon zaɓen 2020. Alƙalai 6 suka ba shi rigar kariya, 3 suka ƙi. Shidan nan duk shugabannin Republican ne suka naɗa su, uku daga ciki ma Trump ɗin ne da kansa. Ni ina tare da malaminku ɗari bisa ɗari.

Barista: Anti, a yi a hankali. Abin da Babban Alƙali John Roberts ya rubuta kashi uku ne. Ikon da kundin tsarin mulki ya keɓe wa shugaba shi kaɗai, kamar yin afuwa, wannan kariyarsa cikakkiya ce. Sauran ayyukan ofis, za a fara ɗauka yana da kariya, amma mai gabatar da ƙara na iya kawo hujjar da za ta ture ta. Abin da ya aikata a ƙashin kansa kuwa babu kariya ko kaɗan. Wane sarki ne ake gurfanarwa kan harkar gabansa? Kotun New York ta samu Trump da laifuka 34 a watan Mayu 2024, kuma da ya roƙi Kotun Ƙoli ta hana a yanke masa hukunci a Janairu 2025, ta ƙi, 5 da 4. Roberts ɗin da kuke zagi yana cikin biyar ɗin. Sannan mu a nan Najeriya ba mu da sashe na 308 na kundin tsarin mulki? Shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamnoni da mataimakansu, duk a cikin riga suke, ba wanda ya ce mun koma mulkin sarauta.

Anti: Yauwa, ka kawo mini da kanka. Ta 308 ranar miƙa mulki ake tuɓe ta. Tsofaffin gwamnoni Dariye da Nyame sun sauka, an kai su kotu, an ɗaure su a 2018. An yi musu afuwa a 2022, wannan wata magana ce, amma dai sun shiga. Ta Amurka ba a tuɓewa. Shugaba zai sauka da ita, ya tsufa da ita, a binne shi da ita. Hukuncin New York kuma me aka yi masa? An sallame shi ba tara, ba ɗauri, ba sharaɗi.

Baffa: Ku yara kuna ba ni mamaki. Yaushe aka taɓa ɗaure shugaban Amurka da za a ce yau ne aka hana? Bush ya shiga Iraƙi a 2003 da zancen makaman da ba a samu ba, yana gida yana zane-zanensa. Obama ya aika jirgi mara matuƙi Yemen a 2011 ya kashe Anwar al-Awlaki, ɗan ƙasarsu ne fa, ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Wa ya tuhume shi? Rigar nan tana jikinsu tun da daɗewa, kotu ta dai faɗa a fili ne. Kukan da 'yan Democrat ke yi don Trump ne ya ci moriya. Da nasu ne da mun ji shiru.

Barista: Baffa ya taɓo dalilin da Roberts ya kafa. Idan ba kariya, duk wanda ya hau zai sa a kamo wanda ya sauka, shi ma idan ya sauka a kamo shi. Mu da muke Afirka mun san inda wannan ke kai ƙasa: mutum ya ƙi sauka don ya san kurkuku ke jiransa. Kuma tun 1982 kotun ta ce ba a kai tsohon shugaba ƙarar neman diyya kan aikin ofis. Wannan ɗorawa aka yi a kai.

Anti: Baffa, Allah ya ƙara girma, amma akwai tazara tsakanin ba a taɓa yi ba da ba za a iya yi ba. A 1974 Kotun Ƙoli ta umarci Shugaba Nixon ya miƙa faifan muryar da aka naɗa a ofishinsa, 8 da babu, kuma uku daga cikin takwas ɗin shi ya naɗa su. Bai yi wata guda ba ya ajiye mulki. Da Ford ya hau sai ya yi masa afuwa, Nixon kuma ya karɓa. To afuwar me, idan dama ba a iya tuhumarsa? Kowa a lokacin ya san ƙofar kotu a buɗe take, shi ya sa aka yi saurin rufe masa ita. Tsoron nan shi ne birki, ko da ba a taɓa taka shi ba.

Sannan ku duba abin da ke ƙasan kashi ukun da Barista ya lissafa, don can ne dafin yake. Kotu ta ce alƙali ba shi da damar bincikar niyyar shugaba idan yana tantance ko aiki na ofis ne. Ta kuma ce duk maganar da shugaba ya yi da Ma'aikatar Shari'a tana cikin cikakkiyar kariya. Ka san me wannan ya goge daga takardar tuhuma? Zargin cewa Trump ya matsa wa manyan ma'aikatar su rubuta wa jihohi cewa an yi maguɗi, har ya nemi ya cire muƙaddashin Antoni Janar ya sa Jeffrey Clark wanda ya yarda zai yi. Duk wannan ya fita. Ma'ana shugaba zai kira Antoni Janar ya ce buɗe wa wane fayil don ya ɓata mini rai, kuma babu kotun da za ta tambaye shi dalili har abada.

Barista: Wannan ɓangaren ni ma tun farko bai kwanta mini ba, musamman inda aka ce ba a ma iya kawo aikin ofis a matsayin shaida wajen tabbatar da wani laifin daban. A ce an ba shugaba cin hanci don ya yi wa wani afuwa: ya za ka gamsar da masu taya alƙali hukunci idan an ɗaure maka hannu kan zancen afuwar? Amy Coney Barrett, wadda Trump ya naɗa, a nan ta raba gari da sauran biyar. Amma Anti, hukunci mai gyara daban, naɗin sarauta daban.

Ɗan Bronx: Salam jama'a, yanzu na ajiye fasinja. Ni ba lauya ba ne amma zancen niyya ɗin nan mu mun ɗanɗana shi tun kafin 2024. A Disamba 2015 Trump ya tsaya gaban jama'a ya ce a rufe wa Musulmi ƙofar Amurka. Ya hau ya sa hannu a dokar hana shiga. A Yuni 2018 kotun nan ta ce, 5 da 4, ita abin da ke rubuce a takarda za ta duba, kuma takardar ta ce tsaro. Chadi ta shiga jerin a 2017, an cire ta a 2018. A 2020 aka sa Najeriya a ɓangaren bizar zama. A Yuni 2025 ga Chadi da Sudan sun dawo ciki. Akwai wani ɗan'uwa da muke sallar Juma'a tare, ya biya lauya, ya cika takardun matarsa, komai ya kammala, sai ga doka. Kullum idan mun fito masallaci yana tsaye jikin motarsa yana duba waya ko an sauya wani abu. Ku ce masa ba a duba niyya.

Baffa: Allah ya kawo masa mafita. Amma ƙasarsu ce, ɗana. Wanda ya ga dama zai bari ya shiga.

Ɗan Bronx: Haka ne Baffa, sai dai shi ma ƙasarsa ce, yana da fasfo, yana biyan haraji. Matarsa ce ba ta da shi.

Auta: To ni abin da ban gane ba, idan akwai ɓangaren da ba kariya, me ya hana a ci gaba da shari'ar Trump ta zaɓen 2020 a kansa?

Anti: Lokaci, Auta. An tuhume shi a Agusta 2023, aka sa ranar fara shari'a 4 ga Maris 2024. A Disamba 2023 mai gabatar da ƙara na musamman Jack Smith ya roƙi Kotun Ƙoli ta yanke zancen kariyar nan da wuri, ta ƙi. Kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a Fabrairu, alƙalai uku baki ɗaya, cewa babu kariya. Sai Kotun Ƙoli ta karɓa, ta saurara ranar 25 ga Afrilu, ta riƙe har 1 ga Yuli, ta mayar ƙasa a sake tantancewa. Kafin a gama ga zaɓe, ya ci, aka kori ƙarar a Nuwamba don ba a tuhumar shugaba mai ci. Kwatanta da shari'ar Colorado, inda aka cire sunansa daga takardar zaɓe: an saurara a Fabrairu, an yanke a farkon Maris, ƙasa da wata guda. Inda sauri zai amfane shi an yi sauri, inda jinkiri zai amfane shi an yi jinkiri. Af, kuma a kotun ɗaukaka ƙarar ne wata alƙaliya ta tambayi lauyansa ko shugaba zai iya tura zaratan sojoji su kashe abokin hamayyarsa, ya ce sai in majalisa ta fara tsige shi ta same shi da laifi kafin a tuhume shi. Lauyan nan, John Sauer, shi Trump ya naɗa babban lauyan gwamnati a gaban Kotun Ƙolin a 2025.

Barista: Ta Colorado fa tara ne suka yarda a mayar da sunansa, har da Sotomayor. Kuma kotun ba ta karɓi hujjar Sauer ta sai an tsige ba, ta yi watsi da ita. Kar kuma a manta Disamba 2020, lokacin da Texas ta nemi a soke sakamakon jihohi huɗu da Biden ya ci. Alƙalai ukun da ya naɗa suna zaune, aka yi fatali da ƙarar. Da 'yan amshin shata ne, ranar ce ranar biyan bashi.

Baffa: Kuma ai akwai majalisa. Ba su da ikon tsigewa?

Anti: Sun gwada, Baffa, sau biyu. A karo na biyu, Fabrairu 2021, sanatoci 57 suka ce ya yi laifi, 43 suka ce a'a, ana buƙatar 67. Mitch McConnell, jagoran sanatocin Republican a lokacin, ya jefa ƙuri'ar wankewa, ya miƙe a zauren ya ce ai akwai kotuna, tsohon shugaba bai fi ƙarfinsu ba. Majalisa ta nuna kotu, kotu kuma ta ɗinka riga. McConnell ɗin nan shi ne ya hana a ko saurari Merrick Garland, wanda Obama ya zaɓa don kujerar Kotun Ƙoli, a 2016, daga Maris har shekara ta ƙare, wai zaɓe ya matso a bar jama'a su zaɓa. Alƙaliya Ginsburg ta rasu 18 ga Satumba 2020, ranar 26 ga Oktoba an tabbatar da Barrett a gurbinta, saura kwana 8 zaɓe, miliyoyi sun riga sun kaɗa ƙuri'a. Da haka aka samu shida da ukun.

Baffa: Siyasa kenan. Sanata Harry Reid na Democrat ne ya fara sassauta ƙa'idar ƙuri'a 60 kan alƙalan ƙananan kotuna a 2013, McConnell ya ƙarasa da Kotun Ƙoli a 2017. Kowa ya samu dama yi yake.

Ɗan Bronx: To mafita? Don a rediyo kullum ina jin a ƙara kujeru, a ƙara kujeru.

Barista: Adadin tara ba ya cikin kundin tsarin mulki, doka ce ta 1869, majalisa na iya sauya shi. Shugaba Roosevelt ya nemi ya kai su har 15 a 1937, 'yan jam'iyyarsa ne suka taka masa birki. In ka ƙara huɗu yau, gobe wancan ya ƙara shida. Biden a Yuli 2024 ya kawo shawarar wa'adin shekara 18 ga kowane alƙali da kuma gyaran kundin da zai cire kariyar. Wa'adin ina goyon baya, Jamus shekara 12 take ba nata ba sabuntawa, namu ma suna ritaya a 70. Gyaran kundi kuwa sai kashi biyu bisa uku na majalisun biyu da jihohi 38, rabon da a yi tun 1992. Amma ga abin da ya sa har yanzu ban karɓi kalmar malamin Auta ba: kariyar ta shugaba ce shi kaɗai. Minista, janar, darakta, duk wanda ya aiwatar da umarnin da ya saɓa doka ana iya kama shi. Shugaba ba ya harbi da hannunsa, dole ya nemi wanda zai yarda ya ɗauki kasadar.

Anti: Sai ya yi masa afuwa. Kai da bakinka ka ce afuwa tana kashin farko, wanda ba mai tambaya. Ranar 20 ga Janairu 2025, ranar da Trump ya koma ofis, mutum kusan 1,500 na harin da aka kai majalisa ranar 6 ga Janairu 2021 ya yafe wa ko ya sassauta wa, har da waɗanda aka samu da laifin dukan 'yan sanda.

Baffa: Biden bai yafe wa ɗansa Hunter ba? Bayan ya sha cewa ba zai yi ba. Har 'yan'uwansa ya yafe wa kafin ma a tuhume su.

Anti: Ya yi, Baffa, kuma ban wanke shi ba. Shi ya sa nake cewa ba zancen Trump ba ne kaɗai. Duk wanda ya hau kujerar nan daga yanzu ya gaji duka biyun, riga a jikinsa, afuwa a aljihu don yaransa.

Barista: Afuwar shugaba laifin tarayya kaɗai take gogewa. Jiha na iya gurfanar da yaran nasa, ba abin da zai iya.

Anti: In laifin a jiha aka yi. Umarnin da aka bayar a Fadar White House aka aiwatar a Ma'aikatar Shari'a, duk a Washington ne, kuma can manyan laifuka lauyan gwamnatin tarayya ke gabatar da su, wanda shugaban ne ke naɗa shi. Wace jiha za ta shigo?