Wace unguwa ce ta dace mu sauka a Alƙahira? Ni da Hajiyata da madam ne

Abban_Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka san Masar ku ba ni shawara. In sha Allah watan Janairu za mu Alƙahira ni da mahaifiyata da madam, kwana tara. Hajiya za ta ga likitan gwiwa a unguwar Muhandisin, wannan bai wuce kwana biyu uku ba, sauran kwanakin yawo za mu yi. Ita dai burinta ta yi sallah a Azhar ta shiga masallacin Husaini, madam kuwa tun da aka sayi tikiti ba ta da zance sai dalar Giza. Na shiga Booking, shafin kama otal, kaina ya ɗaure, na ga wani ɗaki kana buɗe taga ga dala nan kamar ka miƙa hannu ka taɓa, kuma kuɗinsa bai kai na otal-otal ɗin Tahrir da ke tsakiyar gari ba. Anya babu lauje cikin naɗi? Ƙarfina dai bai wuce dalar Amurka 70 a dare ba mu ukun, in an samu ƙasa da haka ma madalla.

Ɗan_Azhar:
Wa alaikumus salam yallaɓai, Allah ya ba Hajiya lafiya. Hoton nan ba ƙarya ba ne, unguwar sunanta Nazlatus Samman, tana liƙe da katangar dalar, gidajen mutane ne aka mayar da su masauki aka yi wajen karin kumallo a saman bene. Abin da hoto ba zai nuna maka ba shi ne lungun da za ka bi ka shiga, dawakai da raƙuman da ake hawa a wajen dala a nan ake ɗaure su, warin kashinsu ne zai fara yi maka sannu da zuwa, kuma kana leƙo kai masu doki sun yanyame ka. Da yawan gidajen ba lif, hawa huɗu biyar a ƙafa, ka ga mai ciwon gwiwa ba ta ga ta zama ba.

Babbar matsalar ma nisa ce. Daga can zuwa Husaini sai ka ratsa Giza gaba ɗaya ka tsallake Nilu ka shiga tsohon gari, kuma goslon Alƙahira wallahi na Legas ne kawai zai gwada masa, tafiyar da taswira ta ce maka minti 35 da yamma sai ta ci awa ɗaya da rabi. Abin da ka rage a kuɗin ɗaki Uber zai cinye. Ni dai in ni ne, unguwar Duƙƙi zan sauka. Tana maƙwabtaka da Muhandisin inda likitanku yake, gada kawai za ka haye ka faɗa Tahrir, ga jirgin ƙasa na metro layi na 2 ya bi ta nan. Tunda ku uku ne ka nemi gida mai kaya a ciki, su suna cewa shaƙƙa mafrusha, ɗaki biyu da kicin, madam ta dafa wa Hajiya abin da ta saba don ba kowane dattijo ne ke jure ful da ɗa'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosansu, kullum safiya ba. Amma kar ka tura wa dillali ko sisi kafin ka ga gidan da idonka, ka kama otal na kwana ɗaya tukuna. In ka je ka kunna ruwan zafi ka gani, ka hau lif ɗin da kanka, ka tambaya kuɗin wuta a kan wa yake. Dillali yana da nasa kaso, mai gadin bene wato bawwab shi ma yana sa ran ihsani.

Sannan ku taho da rigunan sanyi masu kauri. Janairun Masar ba wasa ba ne, gidajen an yi su ne don zafi, da daddare har cikin ɗaki sanyi ake yi.

Maman_Ilham:
Ɗana Ɗan Azhar ya yi bayani amma ni ban yarda da maganar gidan haya don kwana tara ba, wahalar dillalai ta fi ribar. Ni nakan je saro kaya, abaya da takalma, kuma kullum tsakiyar gari nake sauka wajen Tal'at Harb zuwa Ataba. Ƙananan otal ne a cikin tsofaffin benayen nan masu doguwar silin, wani otal ɗin ma hawa ɗaya ne kacal a cikin bene, sama da shi ofishin lauya ƙasa da shi shagon tela. Da kuɗin da ka faɗa za ka samu ɗaki biyu masu tsafta. Daga Ataba titin Azhar miƙe yake har masallacin, ga kasuwar Khan Khalili a gefe, Hajiya ta yi la'asar a Azhar ta tsallaka ta yi magariba a Husaini ba wata wahala.

Illarsa dai hayaniya, mutanen nan ba sa barci, ƙarfe biyun dare ana ta hon kamar rana tsaka, don haka ka ce a ba ku ɗakin da ba ya kallon titi. Sai lif. Akwai inda na taɓa sauka, lif ɗin irin na da ne mai ƙofar katako biyu da keji na ƙarfe, in wani ya fita a hawa na shida bai ja ƙofar ta rufu ba to shikenan ya tsaya can, sai bawwab ya ɗaga kai yana ta kwaɗa kira a rufe ƙofa. Ranar da ya lalace gaba ɗaya da ƙafa na hau da ganamasgo biyu, kwana biyu ina shafa man zafi. Ka rubuta musu kafin ka biya ka tambayi hawa na nawa ne. Kuma ka sa takardar aurenku a jaka, wasu wuraren suna tambaya.

Bakatsine77:
Ba don kai ba Abban Khalifa, don wanda zai karanta yana da hali. In kuɗi ba matsala ba ne Mena House ne ƙarshen magana a Giza, asalinsa gidan hutun farauta ne na Khidiwi Isma'il, mai mulkin Masar a wancan zamani, kafin a mayar da shi otal, kana shan shayi a lambu babbar dala na tsaye a kanka. A Zamalik kuma akwai Marriott da aka gina a jikin fadar da shi Isma'il ɗin ya yi a 1869 don baƙin bikin buɗe mashigin Suwez. Zamalik tsibiri ne, shiru, bishiyoyi, ofisoshin jakadanci, amma komai na can da tsada har ruwan roba. A manyan otal ka duba da kyau ko farashin ya haɗa da haraji, VAT kaɗai kashi 14 ne ban da kuɗin hidima, mutum sai ya zo biya ya ga lissafi ya kumbura.

Shawarata gare ka, ka raba kwanakin. Bakwai a cikin gari, biyun ƙarshe ku koma Giza, madam ta samu hotonta a saman bene ku shiga sabon gidan tarihin nan da aka buɗe a 2025 inda aka kai kayan fir'auna Tutankamun, yana nan kusa da dalar. Ko ba komai kun huta da zirga-zirga.

Abban_Khalifa:
Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa madam ta ce ita ko warin raƙumi ne ta ji ta gani, kwana biyun Giza ba fashi 😂 Sauran kuma ina ganin Duƙƙin za mu yi saboda asibiti, amma otal ba gida ba, Maman Ilham ta tsorata ni da dillalai. Malam Ɗan Azhar, metro ɗin Hajiya za ta iya kuwa?

Ɗan_Azhar:
Gaskiya a'a, matattakala ta yi yawa kuma lokacin tashi daga aiki turereniya ake yi. Kai da madam ku hau abinku, akwai ma taragon mata zalla a tsakiyar jirgin. Hajiya kuwa a kira mata Uber ko inDrive har ƙofa, kuma ranar Juma'a da safe ku kai ta Azhar, lokacin ne kaɗai titunan garin suke fayau. Ku fita da wuri don a samu wuri a ɓangaren mata, ku riƙe mata 'yar kujerar naɗewa.